Ɗanyar Citta a Kwandon Baƙi

Ƙanwata ce ta zo da maganar kwanduna. A waya ta gani, wai a wasu bukukuwan ana ajiye wa baƙin nesa ɗan kwando a ɗakin da za su kwana, da abin taɓawa a ciki, don su san an yi murna da zuwansu. Mu dai ba a otal za mu sauki baƙi ba. A unguwarmu a Kafanchan, idan biki ya taso, maƙwabta da 'yan majami'a ne suke raba baƙi a tsakaninsu. Wannan gida ya ɗauki mata, wancan ya ɗauki dattawa, yaran gida su koma kwana a falo. Duk da haka ta ce tana so, kuma ta ce ni zan yi.

"Ke ce mai digiri, Sista," in ji ta. "Kuma ke kaɗai ce ba ki da aiki a bikin nan sai damuwa. Gara ki damu da abin da zai amfane ni."

Ban musa ba, don akwai gaskiya a ciki. Ni ce babba a gidanmu. Na karanta ilimin halittu a jami'a, na gama bautar ƙasa, ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare kafin Ubangiji ya buɗe wata ƙofa. Kuma ni mutum ce mai komawa ta taɓa kwaɗo bayan ta riga ta kulle.

Sharaɗi ɗaya amarya ta sa mini: ban da biskit, ban da lemon kwalba. Abin ƙasarmu take so. Dangin ango daga wajen Kachia za su zo, wasu kuma daga Kasuwan Magani, ta ce tana so su buɗe kwando su ga daga inda ta fito.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, sai da matan zumuntar majami'armu suka zo taya Mama gyaran shinkafa suka ji labari. Kowace da nata ra'ayin. Wata ta ce a sa gwaza. Wata ta ce gwaza wa zai dafa musu, ko so ake su ci ɗanye maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi a cikin majami'a? Wata tsohuwa, wadda take jan waƙa a zumunta, ta dage sai an sa daddawa, don ita tana yin mai kyau.

"Mama, a ɗakin kwana fa za a ajiye," na ce.

"To, sai me?"

"Ina ganin kamar... wataƙila ashobinsu zai ɗauki ƙanshin."

"Ƙanshi ta ce!" wata ta kwashe da dariya. "Ku ji ladabin 'yan makaranta. Faɗi gaskiya, yarinya, duk layin dangin ango zai yi warin miyar kuka."

A ƙarshe muka tsaya a kan acca, wadda dangin Mama suka aiko daga ƙauye, aka wanke ta aka rairaye har ba tsakuwa ko ɗaya, aka ƙulla a leda don su tafi da ita gida. Sai soyayyiyar gyaɗa a kwalba, da yalo fari mai ɗan ɗaci da za a ci da ita, da zuma a ƙananan robobi. Rizga na so in sa, amma na ji tsoron ta kwana ta yi yauƙi, na bar ta. Zumar ma sai da na ɗiga a ruwa, na ɗiga a takarda, na kai wa mutum biyu suka ɗanɗana, kafin na yarda ba a haɗa ta da sukari ba. Har yanzu ba zan rantse ba.

Saura citta. Ba yadda za a yi a ce kwandon ƙasarmu ne ba citta a ciki. Amma wannan ita ce shekarar da cuta ta shiga gonakin citta. Duk wanda yake yankinmu a lokacin ya san abin da nake faɗa. Ganye ya yi rawaya tsakiyar damina, ka tona ka tarar da ruɓa mai wari. Mutanen da suke biyan makarantar 'ya'ya da citta suka wayi gari ba su da ko iri. Baba, wanda ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, yana noma a gonar gado a Fadan Kagoma. Babbar gonar ta tafi duka. Wani ɗan fili ne kawai can sama a gefen dutse ya tsira, ba wanda ya san dalili. Abin da ya tono a nan ya tara a ƙarƙashin mangwaro ya rufe da ciyawa, irin baɗi ke nan. Iyayen ango kuwa ba abin da ya tsira musu. Uban angon da bakinsa ya faɗa ranar da suka zo gaisuwa, ya faɗa yana dariya, irin dariyar da ba ta kai ido.

Ni shirina shi ne in samo busasshiyar citta, a daka da kanumfari da masoro, a ƙulla kaɗan-kaɗan don shayi. Har na sayo. Sai ga Baba ya dawo daga ƙauye ana saura mako guda biki, da buhu a bayan mashin. Ya sauke a tsakar gida ya kwance baki. Ɗanyar citta ce, manya-manya, da ƙasa a jikinta, idanunta na tsiro duk lafiya.

"Ga na kwandonki," ya ce.

"Baba, wannan ai iri ne."

"Ni na shuka, ni na tono. Na san iri ne."

"Ba za su ci ba fa. Shukawa za su yi."

"To, da me kike so su yi da ita? Su ɗauke ta hoto?"

Wanda ba manomin citta ba ne zai iya ɗauka cewa in ka ba baƙo ɗanyar citta, zai kai gida ya jefa a kunu. A wata shekarar, ƙila. A wannan shekarar, ba manomin da zai ga citta mai ido ya sa mata wuƙa don miya. Zai ɓoye ta a inuwa har ruwa ya sauka. Baba ya san haka, shi ya sa ya kawo. Ni ma na san haka, shi ya sa ban yi murna ba.

Abin da na sani game da cutar bai da yawa, amma ya isa ya hana ni sukuni. Irin wannan ciwo yakan iya ɓoyewa a cikin iri, ka gan shi garau a ido. Filin da ya tsira ba shi da nisa da wanda ya ruɓe. Fartanya ɗaya aka yi aiki da ita, ƙafafu ɗaya suka taka nan suka taka can. Idan surukanmu suka shuka wannan a sabuwar gona ta ruɓe, ba za a ce cuta ce daga iska ba. Cewa za a yi daga kwandon bikin amarya ta fito. Ƙanwata kuwa a cikinsu za ta zauna, don gidan da mijin ya gina katanga ɗaya ce tsakaninsa da na iyayensa. Na san wata mata a majami'armu da ta tare da akuya ɗaya daga gidansu, awakin gidan miji suka bi juna suka mutu. Yau tana da jikoki, amma in dangin mijin suka so tsokanarta, har yanzu maganar akuyar nan suke ɗagowa.

Na faɗa wa Baba wannan duka, a hankali, ina zagaye-zagaye. Ya saurare ni har na gama.

"Na ji ki," ya ce. "Yanzu ke ji ni. Mutum ya rasa iri. Ya zauna a kujerar nan ya faɗa mini. Ya san nawa ya tsira, don labarin gona ba ya ɓuya. Sai ya zo gidana ɗaukar 'yata, ya buɗe kwando, ya ga na ba shi garin shayi. Zai karɓa. Zai yi godiya. Kuma ba zai manta ba. Kina tsammani wa zai biya wannan? Ni da nake Kafanchan?"

Ta ko'ina na duba, a kan ƙanwata abin yake sauka.

Na je na same ta a wajen tela, tana tsaye cikin farar riga, an cika mata ƙugu da allurai.

"Abeg, Sista, citta kuma? Ina fama da zif ɗin da ya ƙi hawa, ke kina fama da citta?"

Amma da muka fito muna tafiya a ƙafa, na yi mata bayani sosai, sai ta saurara. Can ta ce uwar mijin ba mai yawan magana ba ce, har yau ba ta gane ko matar tana sonta ko haƙuri kawai take yi da ita ba.

"Ban san wanne ya fi ba," ta ce. "Ku kuka san gona. Ni dai abu ɗaya: kada a ɓoye musu komai da sunana. In za su ƙi ni, su ƙi ni a kan abin da suka sani."

A ranar na kira wani da muka yi aji ɗaya a jami'a, wanda yake aiki da malaman gona. Ina fata ya ce mini i ko a'a. Bai ce ba. Ya ce ba a ganewa da ido, gwaji kuma ba a nan kusa ake yi ba, kafin sakamako ya fito an daɗe da cinye shinkafar biki. Amma ya ba ni shawara: in dole sai an shuka, kada a kai gona. A zuba ƙasar da ba a taɓa noma citta a cikinta ba a buhunan siminti ko na taki, a shuka a ciki, a ajiye a gida nesa da gona. Wanda ganyensa ya yi rawaya a ƙone shi da ƙasarsa. Wanda ya kai kaka lafiya, shi ne iri.

Na so in rubuta wannan a 'yar takarda in sa a kowane kwando, don in huta da haɗa ido da kowa. Mama ta hana.

"Kwando ne ko kwalin magani? Rabin tsofaffin nan ba su zo da tabarau ba. In kina da magana, Allah ya ba ki baki."

Baba kuwa ransa bai so ba. "Kin taɓa ganin wanda ya miƙa kyauta yana kushe ta?" ya ce. Na ce ban taɓa gani ba. Ya dafa buhun. "Citta tawa ce, ta shiga kwando. Baki naki ne. Ban aike ki ba, ban hana ki ba."

Haka muka shirya su. Kwandunan kaba ne ƙanana da na saya a kasuwa. Acca a ƙasa, kwalbar gyaɗa a tsaye, zuma, yalo, sai citta a sama an naɗe ta a ganyen ayaba. Garin shayin ma na sa, tun da na riga na daka. Sun yi kyau, ko ni na yarda. Amarya ta ɗauki hoto ta kowane gefe.

Ranar Juma'a da la'asar motocin baƙi suka iso. Uwar ango da 'yan'uwanta mata aka kai su gidan wata maƙwabciyarmu, matar dattijon ikilisiya. Na bari suka yi wanka suka ci abinci. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofar ina komawa, wai na manta wani abu. A na uku matar gidan ta gan ni ta ce, "Shiga mana, ba su cizo."

Suna zaune a kan tabarma da katifa, kwanduna a buɗe a gabansu. An riga an ci rabin gyaɗar. Abin da na fara dubawa shi ne citta, kuma ba ko ɗaya a kwando. Kowace ta cire tata. Wata ta ƙulle a bakin zane, wata ta tura can ƙasan jaka. Wata ƙanwar uban ango, mai sayar da hatsi a Kasuwan Magani, mace mai jiki da murya, tana riƙe da tata a hannu tana ƙirga idanun.

Na durƙusa na gaishe su. Na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida, na sake tambayar hanya.

"Wannan ita ce yayar amarya," in ji matar gidan. "Ita ta haɗa kwandunan."

"Ke ce?" mai hatsi ta ce. "Allah ya yi miki albarka. Naki bikin yaushe? Ina da ɗa a Kaduna, baƙi ne amma yana da aiki."

Aka yi dariya. Na yi murmushi, na ce akwai 'yar maganar da nake so in yi game da cittar. Na fara. Na ce filin da ta fito bai kamu ba, aƙalla dai ba mu ga alama ba. Na ce amma yana kusa da wanda ya kamu, ko da yake ba kusa sosai ba. Na ce mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, kuma mai yiwuwa ne a ce ba haka ba.

"Tsaya, tsaya," mai hatsi ta ɗaga hannu. "Citta nan, yana da ciwo ko ba ya da ciwo?"

"Ban sani ba, Mama."

"Duk karatun nan?"

"Na tambayi wanda aikinsa ke nan. Shi ma ya ce ba a ganewa da ido."

"To, Yesu ya taimake mu. An ba mu kyauta da gargaɗi, kamar maganin ɓera."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Amma tun da na riga na shiga, sai na ƙarasa. Na faɗi maganar buhu, da ƙasar da ba ta taɓa ganin citta ba, da ƙone wanda ya yi rawaya. Wannan ɓangaren bai yi mini wuya ba, don kamar darasi ne a aji.

Sai uwar ango ta gyara zama. Siririyar mace ce, tana zaune a jikin bango da ɗankwalin zumunta a kanta. Ta kwance bakin zanenta, ta ɗauko citta ɗaya, ta ɓalle ɗan yatsa da farce, ta duba cikin, ta kai hanci.

"Daga cikin irinsa babanki ya ɗebo?"

"I, Mama."

"Shi me zai shuka?"

"Abin da ya rage."

"Shi ya aiko ki ki faɗa mana?"

"A'a. Bai hana ni ba dai."

"Amarya ta san kin zo?"

"Ta sani. Ita ta ce kada a ɓoye muku komai da sunanta."

Ta dube ni. Sannan ta mayar da cittar, har da ɗan guntun da ta ɓalle, ta ƙulle zanen.

"To," ta ce. "Mazan, ki bar mini su. In ke kika je da wannan 'mai yiwuwa' ɗin naki, sai gari ya waye ba su gane ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na fito ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Washegari aka ɗaura aure a majami'a, aka yi rawa, matan zumunta suka buga tulu da kacau-kacau har muryarsu ta dushe. Na ga Baba da uban ango sun riƙe hannun juna sun daɗe suna magana a gefen rumfa, amma ban ji me suka ce ba, kuma Baba bai faɗa mini ba. Ranar Lahadi bayan sujadar majami'a aka tafi da ƙanwata.

Watannin da suka biyo baya, duk lokacin da muka yi waya ina so in tambaya, ina jin tsoro. Ita kuma sai labarin labule da tukunyar gas take ba ni. Da ruwa ya sauka ta ce, a taƙaice, an shuka. Ban tambayi a ina ba.

Sai a hutun makaranta na tsakiyar damina, daidai lokacin da cutar takan nuna kanta, na shiga mota na je. Daga Kachia na hau mashin zuwa ƙauyen. Ƙanwata ta yi ƙiba kaɗan. Ko ruwa ban gama sha ba ta ja ni bayan kicin ɗin surukarta.

Buhuna ne a jere a kan duwatsu, an ɗaga su daga ƙasa, an rufe bakinsu da busasshiyar ciyawa. Ganyen citta ya miƙe kore shar, ya kai mini gwiwa. Ba na gidan kaɗai ba ne. 'Yan'uwan da suka je biki da yawa nan suka kawo nasu, wai a haɗa a wuri ɗaya ido ɗaya ya kula. A tsakiyar layin akwai gurbi biyu ba komai.

"Waɗannan fa?" na ce.

"Sun yi rawaya."

Ta ce ita ta fara gani, da safe, ta zo zubar da ruwan wanke-wanke. Ta yi tunanin ta tsinke ganyen ta yi shiru. Sai ta je ta kira surukar. Matar ta zo ta duba, ta ce, "Kama can, in kama nan. Yayarki ta ce a ƙone." Suka ja buhunan zuwa bayan gari, aka aike ta ta kawo ashana da kananzir. Da suka dawo suka wanke hannu da ƙafa, surukar ta ce mata ta ɗora ruwan tuwo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Da yamma Baba ya tambaya, Mama ta ce masa biyu sun tafi, saura suna nan, kuma ba don an faɗa mana ba da yanzu gonarsu ta bakin rafi ce take wari."

Baba da Mama take ce musu, ba ta ko lura ba.

Na tambayi labarin mai hatsi ta Kasuwan Magani. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai ta ce ita ba za ta iya zama da abin da ba a san kansa ba har wata shida, ta daka tata ta yi kunu, ta ce kunun ya yi daɗi, ba ciwon komai.

Muna tsaye surukar ta fito da tsintsiya a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta kama hannuna ta kai ni buhun ƙarshe, ta nuna mini wani ganye da bakinsa ya ɗan bushe.

"Malama, wannan fa?"

Na duba sama, na duba ƙasa, na taɓa ƙasar buhun. Na ce ina ganin kamar rana ce ta taɓa shi, ko da yake ba zan iya cewa tabbas ba, gara a ɗan matsar da shi gefe a sa masa ido kwana biyu.

"Na san haka za ki ce," in ji ta. Ta juya wajen ƙanwata. "Ke kuma kin tsaya kina washe baki, wake yana ƙonewa. Tun daga nan nake jin ƙauri."

"Mama, na rage wuta fa!"

"Kin rage wuta. Jiya ma haka kika ce, muka ci gawayi."

Ƙanwata ta ruga tana dariya, tana cewa jiya ba laifinta ba ne, itacen ne. Matar ta bi ta da ido tana girgiza kai, sannan ta sunkuya ta kama kunnen buhun, ni ma na kama ɗayan, muka matsar da shi.

Lokacin kaka bai yi ba tukuna, kuma ban san abin da yake cikin ƙasar buhunan nan ba. Na faɗa wa kaina haka a hanya, don kada in saki jiki da wuri. Kwana biyu na yi. Ranar da zan tafi ƙanwata ta rako ni bakin hanya, muka tsaya jiran mashin tana ba ni saƙon Mama. Mashin ya zo, ina ƙoƙarin gyara zama da jaka a cinya, sai aka ƙwala mata kira daga cikin gida. Ta ce, "Sista, sai mun yi waya," ta juya da sauri. Ba ta tsaya ta ga tashina ba.